Wa Zai Ɗauki Nauyin Karatun Matan Baftis?

Tun cikin watan Mayu na 2024 Asusun Ba Ɗalibai Rance na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, ya fara karɓar takardun masu nema. Amma rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai, kamar yadda kuɗin TETFund ba ya shiga makarantar da ba ta gwamnati ba. Saboda haka 'yar Baftis daga Sabon Garin Zariya, in ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello don karanta ilmin addinin Kirista, tana da ikon neman rance. In kuwa ta nufi makarantar horon fastoci ta Baftis da ke Kawo, Kaduna, ko babbarsu ta Ogbomosho wadda aka kafa a 1898, sai dai ta dubi iyayenta, ko mijinta, ko ikkilisiyarta.

Ba mu ga laifin gwamnati a nan ba. Sashe na 10 na Tsarin Mulki ya hana ta ɗaukar wani addini ya zama nata, kuma in ta biya wa wannan ɗarika, ba ta da bakin hana waccan. Ƙasar Zazzau ma ta daɗe da sanin cewa masu addini su ke ɗaukar nauyin makarantarsu. Malaman zaure na Birnin Zariya ba daga baitulmali suke ci ba. Likita Mila na mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna cikin birni kafin a koma Wusasa a 1929, da kuɗin masu taimako ya riƙe tasa makarantar.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin ikkilisiyar kanta. Ikkilisiya takan biya wa ɗalibi ne don tana sa ran zai komo ya riƙe mata mumbari. Mace kuwa, sau da yawa aikin da ke jiranta shi ne koyar da yara, da ziyarar marasa lafiya, da shugabancin zumuntar mata, ayyukan da ba kasafai ake yanka musu albashi ba. To, wace ikkilisiyar ƙauye ce za ta zuba kuɗin shekara huɗu a kan wadda ba ta tanadar wa gurbi ba? Ga kuma goyo da hidimar gida, waɗanda ba sa shiga lissafin kuɗin makaranta.

Dogaro ga Amurka ba dabara ba ce. Babbar ƙungiyar Baftis ta Kudancin Amurka, wadda ta aiko Thomas Bowen ƙasar nan a 1850, ta rubuta cikin aƙidarta a 2000 cewa muƙamin fasto na maza ne, a 2023 kuma ta tabbatar da korar ikkilisiyar Saddleback saboda naɗa mata.

A ganinmu, abin yi yana hannun ƙungiyar matan Baftis ta Nijeriya, W.M.U., wadda ke tara baikon mata tun 1919. Ya kamata a keɓe wani kaso sananne daga wannan kuɗi kowace shekara don ɗalibai mata, a bayyana yawansa a gaban babban taro, ya ƙunshi kuɗin ɗaki da na renon yara. Ikkilisiyar da ta sa hannu a takardar ɗaliba kuma, ta rubuta tun farko aikin da za ta ba ta in ta gama, da albashinsa.