Kogin Kano da Haƙƙin Na Ƙasa a Kan Na Sama



Ya ɗan uwa mai karatu, da yawa daga cikinmu mun san Kogin Kano a matsayin wurin wanka da kamun kifi kawai, alhali yana ɗauke da rayuwar al'umma mai yawa. Daga duwatsun kudancin jihar, wajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce ƙasar Tudun Wada, ya taru a madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure: shinkafa, alkama, tumatir da albasa. Daga nan kogin ya haɗu da na Challawa, su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi.

Ra'ayina shi ne, wanda Allah Ya zaunar a saman kogi an ɗora masa amanar na ƙasa. Idan aka sare itatuwan Falgore domin gawayi, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zuba a kogi, laka ta taru a Tiga, ruwan da madatsar ke riƙewa ya ragu. Manomin Kura da masuncin Nguru ne za su ɗanɗana kuɗarsu, kuma ba su san mai gatarin ba, balle su yafe masa.

Wani zai ce talauci ne ke kai mutane daji. Gaskiya ne, kuma wajibi ne hukuma ta samar da wata sana'a. Sai dai addininmu ya hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala, ya hana ƙazantar da mashaya, ya kuma sanya shuka itace cikin sadaka. Ba a keɓe mai kuɗi da waɗannan hukunce-hukunce ba.

Don haka nake kira ga matasan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: mu daina zuba shara da wanke kwanon feshin magani a bakin kogi, mu hana kamun kifi da guba, mu dasa itace a gaɓa kowace damina. Limamanmu su ma su sanya wannan cikin huɗuba.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana.

Wassalam.