Masu Kukan Dokar Sanarwa Su Dubi Buhunan Wakensu

Wasu suna yayata cewa wai Amurka ta ƙago dokar sanarwar kayan abinci ne don ta toshe wa amfanin gonar Afirka hanya. Wannan magana ba ta da tushe balle makama.

Majalisar Amurka ta yi dokar ne a 2002, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ta kuma fara aiki a Disamba 2003. Ta hau kan kowace ƙasa, har da Ingila da Kanada. Abin da ta ce shi ne, kafin abinci ya iso, sai an sanar da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna: awa 2 in ta mota ne, awa 4 in jirgin sama ne ko na ƙasa, awa 8 in jirgin ruwa ne. A faɗi irin kayan, da wanda ya sarrafa su, da ƙasar da suka fito. Tun 2011 kuma dole a faɗi ko wata ƙasa ta taɓa ƙin karɓarsu.

To, me hukumar ke yi da sanarwar? Takan ba da lambar shaida, amma lambar ba izinin shiga ba ce, kuma nan ne da yawa ke ruɗewa. Ma'aikata na tace bayanan dare da rana, su ware kayan da suke shakka don a buɗe a gwada. Wanda bai sanar ba, ko ya yi ƙarya, sai a tsare kayansa a tashar. Ina makirci a nan?

Abin kunya yana gida. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, ba don wata takarda ta makara ba, sai don an sami maganin ƙwarin nan mai suna dikulobos, wato fiya-fiya, fiye da ƙima a cikinsa. Manomin Kano bai ci ba bai sha ba, abin ya faɗo masa a ka saboda gangancin masu ajiya.

Turawa dai sun gwada, sun ƙi. Waken da ake saukewa daga manyan motoci a kasuwannin Ikko da Ibadan da Fatakwal kuwa, ba mai neman sanarwarsa kafin ya iso, kuma shi ne ɗan dako da mai gadi ke saye da safe a wurin mai ƙosai.