Saifa: Tsakanin Askar Wanzami da Na'urar Hoto

Mu da muka tashi a cikin ganuwar Zazzau mun saba ganin yara da tabon tsaga a gefen hagu na ciki. Da zarar an ce yaro yana da saifa, sai a kira wanzami. Yau kuwa hoton ciki ake zuwa, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai na lura mun ɗauke imanin da muka ba aska, mun ɗora shi kacokan a kan takardar sakamako.

Kwanan baya wata ƙanwata ta zo mini daga Ƙofar Doka hankalinta a tashe. An auna saifar ɗanta saurayi a wuri biyu cikin mako guda: nan santimita 12, can 13. Ta ɗauka ciwon ne ke gudu.

Gaskiyar magana, na'urar ta fi hannu nesa ba kusa ba, domin sai saifa ta kumbura sosai kafin yatsun likita su taɓo ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Amma ita ma tana da iyaka. Haƙarƙari da huhu da iskar hanji sukan kare wani sashe, kuma kwanciyar majinyaci, da riƙe numfashinsa, da ƙwarewar mai aunawa duk suna sauya adadin. Saɓanin santimita ɗaya ba abin mamaki ba ne. Dogon mutum ma saifarsa takan fi ta gajere tsawo.

Abin tambaya shi ne dalilin kumburin: zazzaɓin cizon sauro ne, ko sikila, ko tsargiya, ko ciwon hanta? Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Greenwood da Fakunle, suka yi bincike a nan Zariya kan kumburin saifa mai nasaba da zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan amsa gwajin jini da duban likita ke bayar da ita.

Shawarata ita ce a kai takarda ga likita, a Shika ko a Ƙofar Gayan, kuma in za a maimaita hoto, a koma wurin farko. Amma yaro mai sikila da ya ɗashe farat ɗaya, cikinsa ya kumbura, kada a tsaya jiran layin hoto. A garzaya da shi asibiti. Allah Ya ba mu lafiya.