Wayar da ke aljihunka jikar kwamfutar ƴan makaranta ce

Shekaranjiya na kai wayata gyara bakin kasuwa, ta ƙi ɗaukar caji. Yaron ya kwance ta, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba, ya ce: "Baba, in dai wannan bai mutu ba, saura duk mai sauƙi ne." Wannan abin shi ne ƙwayar ƙwaƙwalwar waya, shi ke yin duk lissafi. Na tambaye shi ko ya san asalinsa, ya ce Sin. To, ƙila can aka haɗa wayar, amma asalin zanen ƙwayar yana Ingila, kuma daga kwamfutar ƴan makaranta ya fito. Labarin nan ya shafe mu, shi ya sa na kawo muku shi.

A 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da 4004, ƙwayar ƙwaƙwalwa ta farko da aka saka a kasuwa. Tiransista 2,300 ke cikinta, wato ƴan mitsi-mitsin makunnai masu kunnuwa da mutuwa. Ba ma don kwamfuta aka yi ta ba, wani kamfanin Japan mai suna Busicom ne ya buƙace ta don na'urar lissafi ta kan tebur. A 1975 kamfanin MOS Technology ya fito da 6502 a kan dalar Amurka 25, lokacin da takwarorinta sun haura dala 150. Wannan arahar ce ta sa kwamfuta ta shiga gidajen mutane. Apple II a kanta aka gina ta, haka ma Commodore PET.

Abin da nike so ku duba shi ne yadda ƙasashe biyu suka yi da wannan dama.

A Ingila, gidan BBC ne ya ɗauki nauyin wayar da kan jama'a. I, BBC ɗin nan da muke sauraro da asuba. Sun shirya darussa a talabijin, suka nemi kamfanin da zai ƙera kwamfutar da mai kallo zai koya da ita. Wani ƙaramin kamfani na garin Cambridge, Acorn, ya samu aikin. Ƙarshen 1981 BBC Micro ta fito, da 6502 a cikinta. Babbar cikinsu kilobait 32 gare ta na ajiyar aiki. Hoto guda da ake turo maka a WhatsApp ya fi ƙarfinta. Gomnati ta riƙa biya wa makarantu rabin kuɗin, har aka sayar da wajen miliyan 1 da rabi.

In ka kunna ta, babu abin kallo, babu waƙa. Baƙin gilashi ne da ɗan haske yana ƙyaftawa, yana jiran ka rubuta mata umurni da harshen BASIC. Yaro ya rubuta layi biyu, sunansa ya cika gilashi yana ta gudu. Daga ranar ya san cewa na'ura ba aljani ba ce, abin da ka faɗa mata shi take yi. In ya ɓata, ya kashe ya sake kunnawa, ba abin da ya lalace.

Kuɗi da ƙwarewar da Acorn ta samu daga nan ne suka ba mutum biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, ƙarfin halin zana tasu ƙwayar. A watan Afrilu na 1985 ta farko ta yi aiki, suka kira ta ARM. Don su rage kuɗi suka yi ta mai sauƙi, sai ta zo ba ta shan wuta. Ƙarancin shan wutar nan ne ya sa daga baya masu ƙera waya suka rungume ta. Yau Tecno, Itel, Infinix, Samsung, har iPhone, duk a kan zanen ARM ƙwayoyinsu suke.

Yanzu mu koma Faransa. Kada wani ya ce ba su da masu ilimi. Tun 1973 injiniya François Gernelle ya ƙera Micral N a kan ƙwayar Intel 8008, kuma masana da dama ita suke ɗauka ta farko a cikin ƙananan kwamfutocin da aka sayar a haɗe. A Janairun 1985 firaminista Laurent Fabius ya sanar da shirin kai kwamfuta kowace makaranta. An ware faran na Faransa miliyan 1,800, wato miliyar 90 na sefa a canjin lokacin. Daga ciki miliyan 1,500 sayen ƙarfe suka tafi. Aka raba na'urori wajen 120,000, mafi yawa MO5 da TO7 na kamfanin Thomson, masu ƙwayar Motorola 6809. Malamai kuwa sai aka tara su lokacin hutu, aka yi musu bita ta ƴan kwanaki, aka ce su je su koyar. A 1989 Thomson ta bar ƙera irin waɗannan kwamfutoci baki ɗaya, aka bar makarantu riƙe da kayan da ba su da magaji.

Gaskiya dai a faɗe ta, ba wai na Faransa bai haifar da komi ba. Akwai waɗanda a kan MO5 suka fara, suka zama ƙwararru, galibi inda aka dace da malami mai son abin. Ita ma Acorn ba ta sha da daɗi ba, a 1985 ɗin bashi ya kusa kashe ta, sai da Olivetti na Italiya ya saye mafi yawan hannun jarinta. Wilson da Furber kuma ƴan jami'a ne, ba a aji suka koya da BBC Micro ba, su ne ma suka ƙera ta. Amma ku dubi rabon kuɗin nan na Faransa, kashi biyar cikin shida ga ƙarfe. Wannan lissafin na san shi, don na gan shi da idona a nan gida.

Akwai wata makaranta da ɗan ƙanena ke zuwa, ba zan faɗi sunanta ba. Wasu masu taimako suka kawo kwamfutoci, aka yi buki, aka yanke kyalle, aka ɗauki hoto. Shekara ta zagayo na leƙa ta taga: an lulluɓe su da zane, ƙurar hunturu ta yi musu rawani. Makulli na wurin dirakta. Ban ga laifinsa sosai ba, bawan Allah tsoro yake ji kada ɗaya ta lalace a ce ya biya. Mushen da aka tura bita an canza masa wurin aiki. Wuta ma sai ta ga dama. Yaron nan ya gama ajinsa bai taɓa danna harafi ɗaya ba, amma a takarda an rubuta makarantarsu tana da ɗakin kwamfuta.

Ni ra'ayina, duk wanda zai kawo mana kwamfuta ashirin, gara ya kawo biyar, kuɗin sha biyar ɗin a kashe su a kan malami, da faifan sola, da mai gyara. A kuma rubuta wa dirakta a takarda cewa in ta lalace a hannun yaro ba a binsa bashi. Wani zai ce yaran da ke karatu a rumfar zana, ba tebur ba alli, ina su ina kwamfuta? Wannan magana ce, kuma ban ce a fifita kwamfuta a kan aji ba. Ina magana ne a kan waɗanda an riga an kawo, da waɗanda za a kawo gobe ko mun so ko mun ƙi.

Wani kuma zai ce ai yaranmu duk suna da waya, sun fi mu iya ta. Iya shafa gilashi daban, iya ba na'ura umurni daban. Ingila da kanta ta gane haka. Eben Upton, wanda ya tashi da BBC Micro, ya lura ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta a Cambridge sun ragu, iyawarsu ma ta ragu, duk da na'urori sun cika gidaje. Shi da abokansa suka fitar da Raspberry Pi a 2012, ƴar kwamfuta kamar tafin hannu, dala 35, kusan jikka ashirin. Ƙwayar ARM ce a cikinta, kuma cajar waya ke kunna ta.

Yaron da ya gyara mini waya, aji shida ya tsaya. Da wuta da dalma da ɗan madubin ƙara girma ya koyi aikinsa, a kan matattun wayoyin da ubangidansa ya bar shi ya ɓata. Na tambaye shi ko zai iya tada waɗancan kwamfutoci na makarantar, ya ce in an buɗe masa ɗakin zai duba. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je wurin dirakta, ni da wasu iyayen yara biyu, mu roƙi makullin. Wanda ya san irin wannan ɗaki a garinsu, Tawa ko Damagaram ko Yamai, ya faɗa mana kwamfuta nawa ke ciki, da rabon da a buɗe shi.