Sharhi: Hujja a Kasuwa, Hujja a Takarda

Jama'a, duk shekara in sakamakon jarrabawar birebe da bak ya fito, akan yi kuka a gidaje daga Tajaye zuwa Ilela, Malbaza da Birnin Konni. Yara da dama sun haddace darasi tsaf, amma da aka ce su rubuta insha'i, su bayyana abu ko su kare ra'ayi, sai alƙalami ya tsaya.

Abin mamaki, wannan aiki ku iyayensu kuna yin shi kullum a kasuwa. Ga iri biyu daga cikin insha'in makaranta. Na farko na bayani: yaro ya faɗi yadda ake noman albasar Galmi, daga renon iri, dashe, ban ruwa, har cira, kowane mataki a gurbinsa. Na biyu na muhawara: manomi ya sayar da albasa a watan Maris da Afrilu tana arha, ko ya zuba ta a rudu ya jira tsada? Mai cewa a jira yana da hujja. Mai cewa a sayar ma yana da tasa, domin albasa na ruɓewa a rudu, bashi kuma ba ya jira. Aikin ɗalibi ya kawo duka biyu, ya auna, ya yanke. Ashe ba haka ciniki yake ba? A yi sallama, a yi tayi, a ja, sannan a sallama.

Gaskiya ne yaro na tunani da Hausa, yana rubutu da Faransanci. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Wanda ya iya tsara magana da Hausa, rabin wahalarsa ta ƙare.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, in yaro ya faɗi ra'ayi, kada a ce masa ya yi shiru; a tambaye shi dalili. A rage wa yarinya tallar marece ta samu lokacin rubutu. Malamai kuma su ba da batutuwa daga gona da kasuwa, su gyara su mayar.

Gobe in ƙungiyar ƴan kasuwa na da koke gaban magajin gari ko duwan, ɗan da kuka koya wa kafa hujja shi zai rubuta muku takardar. Allah ya sa mu gane.