ƊA NA WA NE? MAGANAR DA YA KAMATA WAKILANMU SU KAI MAJALISA

Yau ba maganar kujera ko ta wa zai tsaya takara na zo da ita ba. Magana ce ta cikin gida, wadda kowa ya san da ita daga Sifawa har Shagari, amma sai an shiga ɗaki ake yin ta, wato yadda ake tabbatar wa yaro ubansa, da haƙƙin da uba ke da shi a kan ɗansa bayan aure ya mutu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, doka muna da ita, ta Musulunci da ta ƙasa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubutu da bin diddigi, kuma wannan aikin hukuma ne, saboda haka aikin 'yan siyasa ne.

Mu fara da abin da alƙalanmu ke hukunci da shi. A mazhabar Malikiyya, yaron da aka haifa cikin aure na mijin ne, matuƙar an haife shi bayan wata 6 ko fiye daga tarewa. Miji ba ya kore ɗa don kawai ya ga bai yi kama da shi ba, ko don maƙwabta sun yi tsegumi. Hanyar da shari'a ta buɗe masa ita ce li'ani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9: ya rantse sau huɗu gaban alƙali, a ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake, matar ma ta yi nata rantsuwar, daga nan aure ya rabu har abada. Kuma wanda ya ga ciki ya yi shiru, ya yanka rago ranar suna, ba shi da bakin dawowa bayan shekara uku ya ce ɗan ba nashi ba ne. In an yi saki akwai idda, tsarki uku, mai ciki kuwa sai ta haihu, duk don kada zuri'a ta cakuɗe.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 165, ta ɗauki yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa matuƙar uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 42, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yadda aka haife shi. Nan jiharmu kuma, a watan Nuwamba 2021, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato.

To ina gizo ke saƙa? Duk waɗannan hukunce-hukuncen a kan ƙidayar kwanaki suke tsaye: yaushe aka ɗaura, yaushe aka tare, yaushe aka saki, yaushe aka haihu. Mu kuwa a ƙauyukanmu, aure a ƙofar gida ake ɗaura shi, saki kuma da baki, wani lokaci ta waya daga Legas ko Fatakwal, inda maigida ya tafi cin rani. In rigima ta tashi aka je kotu, wannan ya ce da kaka ya sake ta, waccan ta ce a'a, sai bayan Babbar Sallah. Waliyyin da ya ba da auren ya rasu, shaidu sun watse. Alƙali ba ya da gaibu, da abin da aka kawo gabansa zai yi aiki.

Masu shekaru sun tuna shari'ar Safiya Hussaini ta Tungar Tudu. A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa saboda cikin da ta samu bayan aurenta ya mutu, shi kuwa namijin da aka ambata ya musanta, aka sallame shi. A watan Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta soke hukuncin. Cikin hujjojin da lauyoyinta suka kawo har da mas'alar kwantacce, wadda malaman Malikiyya suka yarda ciki na iya daɗewa shekaru bayan rabuwa, a jingina shi ga tsohon miji. Duniya ta yi ta surutu kan jifa, amma a ƙarƙashin shari'ar tambaya ɗaya ce: jaririyar nan ɗiyar wa ce? Ran mace da asalin yarinya duk sun rataya ga amsar.

Yanzu bari in taɓo mu maza, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da yawanmu mun ɗauka da an yaye yaro sai uba ya aika a karɓo shi. Al'ada ce, amma a Risala da Mukhtasar, littattafan da alƙalanmu ke dubawa, reno na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, sai in uwar ta yi wani aure ko wani dalili ya gitta, nan ma kakar yaro ta wajen uwa ke gaba. Abin da ke hannun uba shi ne yaro ya amsa sunansa, ya gaje shi, shi ne waliyyi, shi ke da faɗa a karatu da tarbiyya da aurarwa, kuma yana da haƙƙin ganin ɗansa. A kansa kuma ci da sha da sutura da magani suke. Wanda ya shekara biyar bai aika ko kwanon gero ba, ranar da yarinya ta isa aure ya taso da babbar riga yana cewa shi ne uba, wallahi ya ji kunya.

Haka kuma dangin uwa su ji tsoron Allah. Akwai uban da ke aiko da kuɗin abinci duk wata, amma in ya zo ganin ɗansa sai a ce yaro ya tafi unguwa. Wata a ɗauke ta da yaron a kai wani gari ba sallama. Wani yaron ma a makaranta da sunan mijin uwarsa ake rubuta shi. Wannan ma zalunci ne, kuma talaka wanda ba ya da kuɗin lauya haka nan yake haɗiye shi.

Sai maganar gwajin DNA da matasa ke ta yayatawa a Facebook. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yi matsaya: ana iya amfani da gwajin inda aka rasa sanin asalin yaro, ko jarirai suka cakuɗe a asibiti, amma ba a kore nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar da shi, kuma ba ya shiga gaban li'ani. Ƙasar Maroko, wadda su ma Malikawa ne kamarmu, ta sa binciken likitoci cikin dokar iyalinta ta 2004, a ƙarƙashin umurnin alƙali. Ke nan akwai hanyar da za a bi ba tare da an taka addini ba. Ni dai ban goyi bayan kowa ya ɗauki yawun yaro a ɓoye ya kai gwaji ba, don gidaje da yawa za su mutu a kan zato.

Ga abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na Boɗinga da Shagari su ɗauka su kai zauren majalisar jiha. Na farko, a sa rajistar aure da saki a fadar kowane hakimi, limamin da ya ɗaura ya sa hannu, kwafi ya tafi kotun shari'a mafi kusa, kuma kyauta. Na biyu, ƙananan hukumomi su haɗa kai da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a riƙa yi wa jarirai takardar haihuwa tun satin suna, da sunan uba a kai. Dokar 1992 ta riga ta wajabta rajistar, aiwatarwa ce ta rage. Na uku, duk hukuncin rabuwar aure ya fito da abu biyu a takarda ɗaya: nawa uba zai riƙa bayarwa, da ranakun da zai ga ɗansa, wanda ya saɓa kotu ta kira shi. Na huɗu, gwajin DNA ya zama sai da izinin alƙali, bisa ƙa'idar da malamanmu za su zauna su tsara.

A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantar da mutane kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello da alƙalami suka bar mana abin da muke taƙama da shi. Bai dace a ce a ƙasarsu yaro na rasa gadon ubansa don ba a rubuta ranar ɗaurin aure ba.

Don haka 'yan uwa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a mazaɓarku, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi mi zai yi kan wagga magana, ku riƙe amsar da ya ba ku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.