Garin anzim ba zai maye gurbin harawa ba

Cikin kayan da ake tallata wa masu kiwo a yau har da wani gari da ake kira anzim, wanda aka ce in an barbaɗa shi cikin dusa dabba za ta narkar da abinci sosai, ta yi ƙiba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kafin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya zuba albashinsa a ciki, ya kamata ya san wace dabba aka yi wa shi.

Kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin fosfor da ke cikin hatsi a ɗaure yake, hanjin kaza ba ya iya kwance shi, sai ya fita cikin kashi. Anzim ɗin da ake kira fitaz, wanda ya shiga kasuwa a ƙasar Holanda a 1991, shi ke kwance wannan ɗauri. Saboda haka mai gidan kaji a kewayen Yamai, wanda ke sayen masara da tsada, yana da hujjar gwada shi.

Rago da sa da jar akuyar Maraɗi kuwa lissafinsu dabam ne. Allah Ya zuba musu ƙananan halittu cikin tumbi masu yin irin wannan aiki kyauta. Abin da ke kayar da su a watan Afrilu da Mayu yunwa ce: kara ya bushe, harawa ta yi tsada, anguryar auduga ta gagari talaka. Gari ba ya narkar da abin da dabba ba ta ci ba. Kilo 4 na takin ure, a jiƙa shi a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a rufe har sati uku, ya fi yi wa mai turke amfani, kuma yana samunsa a kasuwar garinsu.

Ga kuma zafi. Anzim yana rasa ƙarfinsa in ya daɗe a rana, alhali buhu kan yi makonni cikin mota kafin ya iso Tawa ko Damagaram. Wa ke auna abin da ya rage a ciki? Wannan aikin ma'aikatar kiwo ne da masu bincike na INRAN: a gwada kowane iri da gero da dawarmu, a tilasta wa mai shigo da shi ya rubuta ranar lalacewarsa da sunan dabbar da ya dace da ita, da Hausa, a jikin buhun.